Tabarau Ɗaya Ba Ya Isar Yaro

A cikin 'ya'yana biyar, biyu ne ke sa tabarau na likita, kuma tun 2019 kuɗin tabaran nan ya shiga lissafin gidanmu ya samu wurin zama kusa da kuɗin makaranta da na cefane. Ni ɗinki nake yi a gida, a wata unguwa cikin birnin Kano. Maigidana ƙaramin ma'aikaci ne, albashinsa ba ya kai mu ƙarshen wata sai an haɗa da dabara. Matan da ke kawo mini ɗinki kan ga yarona da gilashi su tambaye ni nawa muka saya, in na faɗa sai su ce to ai da sauƙi tunda sau ɗaya ne. Wallahi ba sau ɗaya ba ne. Sayen farko shi ne mai sauƙin. Na biyu da na uku, da wanda za ka ajiye saboda ranar tsautsayi, su ne ba wanda ke gaya maka labarinsu sai ka shiga ciki.

Na ukun 'ya'yana, namiji, da shi aka fara. Yana ɗan shekara huɗu muka lura idonsa na hagu na karkata ya nufi hanci, musamman da yamma in ya gaji, ko in ya ƙura wa wani abu ido a hannunsa. Mutane suka ce harara-garke ce, zai girma ta baje. Wata ta ce in riƙa sa masa kwalli safe da yamma. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta sa aka yi masa rubutu ya sha, muka haɗa da addu'a. Ƙanwata da ke makarantar koyon jinya ce ta tsaya kai da fata, ta ce, "Yaya, addu'a muna yi, amma a kai yaron nan a duba shi. Ido ba abin jira ba ne."

Mu mutanen Kano Allah ya yi mana gata ta wannan fuska. Akwai asibitin ido na ECWA da aka kafa tun 1943, akwai na Makka, akwai sashen ido a asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano, ga babbar cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna ba nisa. A layin jira na zauna da matan da suka taso tun daga Jigawa da Katsina, har da wata daga Damagaram, kuɗin motarsu kaɗai ya isa a yi wa yaro tabarau. Mu kuwa Adaidaita Sahu ɗaya muka hau.

Aka ɗiga masa wani magani da ke buɗa ƙwayar ido, ya kuma sassauta jijiyar da ido ke matsawa in zai kalli abu na kusa. Likitar ta ce dole sai da shi, domin idon yaro ƙarfi gare shi, in ba a sassauta shi ba zai ɓoye ainihin lambarsa. Ya yi kuka saboda zafin maganin, ya yini yana gudun haske. Da aka gama awo ta zaunar da mu ta ce, "Idon ɗanki ba shi da ciwo. Ƙwallon idon ne ya ɗan gaza tsawo, saboda haka kullum cikin yunƙuri yake kafin ya ga abu sosai. Wannan yunƙurin ne ke jawo idon ciki." Ta ce in ido ɗaya ya karkace, ƙwaƙwalwa hoto biyu take samu, sai ta yi watsi da ɗaya don ta huta. Idon da aka yi watsi da shi sai ya zama rago, ya daina koyon gani. Kuma lokacin gyara ƙayyadadde ne: in yaro ya wuce shekara bakwai zuwa takwas ba a yi komai ba, gyaran kan yi wuya ƙwarai. Ta rubuta lamba a takarda, alamar tarawa da biyar da 'yan kai, ta ce daga tashinsa barci har kwanciyarsa kada gilashin ya bar fuskarsa.

Hajiya ba ta so ba. Ta ce, "Yaro ƙarami haka a ɗora masa gilashi? Zurma ido yake yi, kuma in ya saba shi ke nan, ba ya rabuwa da shi." Maigidana ya lallashe ta cikin ladabi, ya maimaita mata abin da likita ta ce, cewa tabarau ba ya raunana ido, wanda ya ɗanɗana gani garau ne kawai ba ya son komawa dishi-dishi. Ba ta gamsu ba sai ranar da aka karɓo shi. A tsakar gida aka sa masa, muna kallo idon nan ya dawo ya daidaita da ɗan'uwansa. Ya sunkuya kan wata atamfa da nake yanka, ya daɗe yana kallo, can ya ce, "Umma, ashe 'yan tsuntsaye ne a jiki." Hajiya ta yi ta salati. Daga ranar ita ce ke fara tambaya in ta gan shi babu gilashi.

A shagon da aka yanka mana, mai shagon ya tambayi maigidana ko biyu za a yi. A shekarar aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 30,000, kuma guda ɗayan ma ya cinye kaso mai tsoka na abin da ke shigo mana a wata. Maigidana ya ce a yi ɗaya tukuna, Allah ya tsare. Abin da aljihu ya iya ke nan.

Sai ga korona. A watan Afrilu na 2020 aka kulle Kano, aka rufe kasuwanni, aka hana shiga da fita tsakanin jihohi, ga azumi ya kama. Cikin wannan kulle ne ƙaninsa mai rarrafe ya samu gilashin a kan tabarma da asuba, ya kama ƙafafuwan biyu ya buɗe su har firam ɗin ya rabe a kan hanci, gilashi ɗaya ya fita ya tsage. Wani maƙwabcinmu ya taimaka ya liƙa da sufa gulu, gam ɗin ya malala ya bar farin tabo a tsakiyar wanda ya rage. Shagon a rufe, mai shi ya ce ko ya buɗe ba shi da wannan lamba a ƙasa, sai an aika Legas, kuma hanya a rufe take.

Ban taɓa jin rashin ƙarfi irin na waɗannan makonni ba. Ga 'yan kuɗi mun harhaɗa, ga magani mun san sunansa, amma babu halin samu. Ina kallo kullum idon yaron yana komawa inda ya fito. Da farko da yamma ne kawai, daga baya har da safe. In zai ɗauki kofi sai ya karkata kai. Ya riƙa cewa kansa na ciwo, ya daina zanen da yake so, ya zama mai yawan rigima. In na idar da sallar dare sai in haska fuskarsa da tocila yana barci, alhali na san ba abin da zan gani, raina ne kawai ya kasa kwanciya. Sai bayan ƙaramar Sallah da 'yan makonni sabon ya iso.

Da muka koma asibiti aka auna, idon hagu ya ja baya. Likitar ba ta yi mana faɗa ba, ta san halin da gari ya shiga. Ta ce yanzu sai an riƙa rufe ido mai kyau na wasu sa'o'i kullum, don a tilasta wa ragon ya yi aiki. Duk uwar da ta yi wannan ta san wuyarsa. Ka rufe wa ɗan shekara biyar idon da yake gani da shi, ka ce ya yi wasa da wanda ba ya gani sosai. Ya yi ta ɓamɓare filastar, ita kuma filastar da kuɗi ake saye, ga zafin Kano, gumi ya sa ta saki, fatar wurin ta yi ja. Da na ga haka sai na ɗauki ƙyalle mai kauri na ɗinka 'yar jaka da ake zurawa a kan gilashin ta rufe gaba da gefe, na kai wa likitar ta duba ta ce ya yi, muddin ba ya leƙe ta sama. Na yi masa kala-kala, shi ke zaɓen wadda zai sa. Mun fi shekara muna wannan.

Tun daga lokacin na ƙudurta a raina cewa yaron nan ba zai sake kwana da tabarau ɗaya tak ba, ko da zan sayar da zannuwana.

Wanda bai raini yaro mai gilashi ba zai ce sakaci ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙwallo a lungu ta karya mana. Turereniyar fita daga Islamiyya ta karya mana. Ya yi sujada a masallaci ya zame, na bayansa ya taka. Ɗaya ya faɗa masai, wannan ko maganar ciro shi ba a yi ba. Wanda bai karye ba kuma hunturu ya gama da shi, domin ƙura takan kwanta a kai, yaro ya kama bakin riga ya goge, ƙurar ta kankare gilashin har ya yi hazo. In duk ya tsallake waɗannan, fuskar yaro girma take, ƙafafun su matse masa bayan kunne, tsakiyar gilashin ya daina dacewa da tsakiyar idonsa.

Muna cikin haka, a 2022, sai 'yar farina. Ta shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, yarinya mai ƙoƙari, sai sakamakonta ya fara sauka. Da na duba littattafanta na ga rubutun ya cika, amma da kurakuran da ba irin nata ba. Ashe ba daga allo take kwafa ba, daga littafin ta kusa da ita take kwafa, har da kuskuren waccan. Ba ta faɗa wa kowa ba saboda ta ɗauka haka kowa ke ganin allo daga baya. Nata akasin na ƙaninta ne. Ƙwallon idonta ya zarce tsawo, na kusa take gani, na nesa ya dushe. Lambarta ta farko alamar ɗebewa ce da biyu, wanda mai awon ya ce ma'anarsa duk abin da ya wuce rabin mita daga fuskarta ya fara dushewa. Ya kuma gargaɗe mu cewa irin wannan yakan ƙaru muddin yaro na girma, sai wajen shekara ashirin yake lafawa, saboda haka kowace shekara a dawo awo. Haka kuwa aka yi, yanzu ta haura uku. Ya ce ta riƙa samun hasken waje kamar sa'a biyu a rana, ta rage duƙufa kan waya. Ga budurwa a cikin birni wannan ba ƙaramin aiki ba ne, sai na mayar da karatunta da tsintar shinkafa da wanke-wanke tsakar gida.

Ita ba ta karya gilashi kamar ƙaninta, amma hijabi na danne ƙafafun a hankali har su buɗe, ya riƙa zamowa kan hanci. Ga kuma bakin mutane. 'Yan aji suka sa mata mai ido huɗu. Wata babbar mace, a gidan biki, a gabanta, ta ce mini in daina sa mata a waje kada samari su ɗauka makauniya ce. Abin ya ɓata mini rai matuƙa. Na ce, "Baba, gani take so ta yi. Wanda gilashi zai kora ba miji ba ne." Yarinyar da ke tsallaka titi kullum tsakanin babura da Adaidaita Sahu, ita za a ce ta cire idonta ta sa a jaka?

To yanzu yara biyu ke nan, sai 2023 ta zo da nata. Farkon shekara aka shiga ƙarancin takardun naira, kuɗin mutum na banki amma ba ya iya taɓawa. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500. A watan Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta yi ta hawa har ta wuce 1,500 a farkon 2024. Gilashin ido da firam ɗinsa kusan duk daga waje ake shigo da su, saboda haka dala na motsawa suna binta. Abin da muka saya wa yaron a 2019, da muka je sakewa sai da aka ninka mana shi fiye da sau uku. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa 70,000 a 2024, amma kafin ya iso hannu kasuwa ta riga ta cinye shi.

Maigidana na da inshorar lafiya ta wurin aiki, kuma ba zan ƙi gode mata ba, ta ɗauke mana kuɗin awo da wani abu daga kuɗin tabarau ɗaya mai sauƙin farashi. Amma da ya koma da karyayye a hannu, ma'aikacin ya ce masa, "Malam, an riga an ba ku. Na biyu ku za ku saya." Ba laifin ma'aikacin ba ne, abin da ke rubuce ya karanta. Sai dai duk wanda ya rubuta wannan ƙa'ida, babban mutum ya sa a ransa, mai cire gilashi ya ninke ya sa a aljihun gaba. Bai tuna da ɗan shekara takwas ba. Wata 'yar'uwarmu da ke aure a Ingila ta ce can yaron da bai kai shekara 16 ba hukumar lafiya na taimakawa da kuɗin tabaransa, in ya karye ko ya ɓata ma akwai tallafin gyara ko sakewa. Ban ce mu yi daidai da su a arziki ba. Abin da ya tsaya mini shi ne sun yarda cewa yaro yaro ne, zai karya.

Duk wannan na kuɗi ne, kuma kuɗi ana nema a samu ko a rasa. Abin da ya fi taɓa ni daban ne.

Yana aji huɗu malaminsu ya aiko a kira ni. Ya ce yaron ya canza, in an fita tara ba ya shiga cikin yara, sai ya zauna a gindin bango shi kaɗai, ko kuma ya fita babu gilashi yana lalube. Da ya dawo gida na buɗe jakarsa na tarar da tabaran a naɗe cikin safa, an cusa shi can ƙasan littattafai. Na zaunar da shi a gefen keken ɗinki na ce, "Me ya sa kake cirewa?" Ya yi shiru yana wasa da zare. Na sake tambaya a hankali. Sai ya ce, "Umma, na ji Abba ya ce saboda gilashina ba a sayi shinkafa ba. In na yi ƙwallo zai fashe."

Da dare ne muka yi wannan lissafi ni da babansu, murya ƙasa-ƙasa, irin lissafin da kowane gida ke yi. Ashe idonsa biyu. Yaro ɗan shekara tara ya ɗauki kuɗin buhun shinkafa ya ɗora a kan hancinsa yana yawo da shi. Ya zaɓi ya bar wasa, ya zaɓi ya bar gani, don kada ya jawo mana asara. Na rungume shi, hawaye ya hana ni magana.

Da babansa ya dawo na gaya masa. Bai ce komai ba sai bayan sallar isha'i, ya kira yaron, ya buɗe durowa ya ciro na ajiyar ya ɗora masa a tafin hannu. Ya ce, "Ka ga wannan? Naka ne. In wancan ya fashe, ga wani. In wannan ma ya fashe, nemo wani aikina ne, ba naka ba. Kai aikinka ka sa shi ka yi karatu, ka yi ƙwallo. Ka ji ko?" Ya ce, "Na ji, Abba." Washegari ya sayo masa igiyar roba da ake ɗaurawa ta ƙeya. A cikin satin ya dawo gida da ƙura har gira, gwiwa a kurje, gilashi a fuska. Da babu na biyun a durowa, maganar babansa da ta zama lallashi kawai, kuma yara sun san bambancin lallashi da gaskiya. Shi ya sa in aka ce mini tabaran ajiya almubazzaranci ne ga talaka, ba na yarda.

Ga yadda muke yi yanzu, ko wata za ta amfana. Ina da asusu na musamman, duk ɗinkin da na gama sai na jefa wani abu, komai ƙanƙantarsa. Na kuma shiga adashi da matan unguwa, na roƙa a ba ni kwasata bayan ƙaramar Sallah, lokacin da kuɗin ɗinkin Sallah ma ya shigo, sai mu haɗa mu kai su awo mu yi na shekara. Duk inda aka auna su ba na tashi sai an ba ni takardar lamba a hannuna, in ɗauki hotonta a waya. Da ita nake zagayawa in tambayi farashi, domin tsakanin shago da shago bambancin na da yawa. In gilashi ya kankare amma firam na da rai, gilashin kaɗai ake canzawa. In firam ya karye gilashi na nan, wani lokaci akan samu irinsa a mayar. Na yarinyar, da yake lambarta na hawa, na bara shi ne na ajiyar bana. Ba ya kai sabon kyau, amma mai awon ya ce zai riƙe ta 'yan kwanaki kafin a yanko wani, kuma da babu gara ba daɗi. Na yaron kuwa lambarsa ba ta cika motsi ba, shi ake yi wa biyu, na biyun a firam mafi araha. Mun koma gilashin roba mai tauri da ake kira polikabonet, wanda ba ya tarwatsewa in ƙwallo ta same shi. Ya fi tsada, amma ɓarɓashin gilashi a ido ba abin da za a yi ciniki a kansa ba ne. Na koya musu su wanke da ruwa da ɗan sabulu kafin su goge, su cire da hannu biyu, in za su kwanta ya shiga gidansa. In ɗan sukurun ƙafa ya kwance, mai gyaran agogo na bakin titi kan ɗaure mana.

Abu ɗaya da nake roƙon iyaye kada su yi, komai matsi, shi ne sayen na tebur a kasuwa. Wata maƙwabciyata da ɗanta ya karya nasa ta sayo masa irin wanda ake gwadawa a karanta jarida, ta ce ai duk gilashi ne. Waɗancan na manya ne da suka haura arba'in, idonsu ya gaji da karatun kusa. Lamba ɗaya ce a ido biyu, ba a auna tazarar idon kowa ba. Yaron ya kwana biyu da ciwon kai ya jefar. Ni ko rigar Sallah ba na yanka wa yaro sai na sa tef na auna shi, balle abin da zai gani da shi.

Ana yin aikin ido kyauta lokaci-lokaci, masu hali da ƙungiyoyi na ɗaukar nauyi, Allah ya saka musu da alheri. Hajiya kanta a irin wannan aka cire mata yanar ido. Amma na je da yarana na ga yawancin tabaran da ake rabawa na karatu ne na dattawa, domin shi ake sayowa a katan. Na yaro sai an auna an yanka, wannan kuwa yana son lokaci da komowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2019 aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani, kuma aƙalla biliyan 1 daga ciki abu ne da za a iya karewa ko ba a kai ga magance shi ba. A 2024 ta ƙaddamar da wani shiri na faɗaɗa samun tabarau zuwa 2030. Kowace Alhamis ta biyu a watan Oktoba ana bikin ranar gani ta duniya, a faɗi adadin tabaran da aka raba. Ni abin da nake so a ƙirga shi ne, bayan wata shida, nawa ne daga cikin na yara ke kan fuskokinsu har yanzu. A ajin ɗana akwai yarinyar da aka ba kyauta, ya karye kafin hutu, tun daga nan ta koma matse ido a bencin gaba. A takarda an taimake ta.

Da masu inshora za su sa tabarau na biyu da gyaran karaya cikin haƙƙin yara, da sun share hawayen gidaje da yawa da kuɗin da bai kai na kwanciyar asibiti ɗaya ba. Masu fitar da zakka da masu neman inda za su yi sadaka, ga wuri a kusa da ku. Ku tambayi shugaban makarantar unguwarku yara nawa ne aka rubuta wa gilashi ba sa sawa, za ku sha mamaki. Mu da ba mu da shi ma muna da abin yi. Firam ɗin da ya yi wa yarana kaɗan ba na zubarwa, nakan wanke in ajiye, kuma wasu yara a layinmu da su aka yanka musu nasu, iyayen suka biya kuɗin gilashi kawai.

Yau idon ɗana a daidaice yake muddin yana sanye da tabarau. Na hagun ya farfaɗo sosai, yana karatu da shi, amma bai kamo na dama ba, a allon awo layi biyu ke tsakaninsu, kuma likita ta ce mai yiwuwa haka zai zauna. Na gode wa Allah da abin da aka ceto. Yarinyar na shirin jarrabawar aji uku, tana zaune inda ta ga dama a aji. Autanmu zai shiga firamare a watan Satumba, kuma da yake an ce abin yakan bi jini, zan kai shi awo kafin a buɗe makaranta. Na gaya wa babansu in ta tabbata shi ma yana buƙata, biyu za a yanka masa tun ranar farko. Ya ce Allah ya hore, na ce amin, na kuma karɓi ɗinkin ankon wani biki da da na so in mayar.